Baffa Sale da Malamin da Ya Ƙi Ɗaukar Sa a Jirgi

Ina cikin sito a Dawanau, muna duba buhunan irin gero da danshi ya taɓa, sai wayata ta yi ƙara. Hamisu ne, babban ɗan Baffana. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, "Yaya Sabi'u, Baba ya cika." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na nemi buhu na zauna. Kafin la'asar na isa ƙauyenmu da ke gefen Makoda, na tarar an yi masa sutura ana jirana. Da hannuna na taya aka sa shi a makwancinsa.

Malam Sale ƙanin mahaifina ne. Ina firamare mahaifina, Malam Musa, ya rasu a hatsarin mota, shi kuma ya rungume mu, ni da mahaifiyata Inna da ƙannena mata, ba tare da ya taɓa nuna mana cewa nauyi ne ba. Manomi ne tun tashinsa. A shekarar da damina ta yanke da wuri, na ga yana auna hatsin gidanmu kafin ya auna na gidansa, kuma namu ne yake yi wa tozo. Bai yi boko ba, amma ba a yi masa ciniki da baki. Ko taki ne sai ya murza shi a tafin hannu, ko sa ne sai ya je ya gan shi a garken mai shi. Da aka zo neman auren ƙannena, da kansa ya je unguwannin manema, ya yi salla a masallatansu, ya zauna wurin mai shayi yana sauraro. Maganarsa kullum ita ce, "To, mu je mu gani da ido."

Abu ɗaya muke tsokanarsa da shi: Baffa yana tsoron bisa. Bai taɓa hawa kan rumbu ba, mu yake turawa. In ka ce masa, "Baffa, ga tsani," sai ya ɗaure fuska ya ce shi Allah a ƙasa Ya ajiye shi.

Da shekarun wahala suka kankama, ina aiki da wani kamfanin iri mai gonaki a jihohi masu nisa. Hanyoyi suka lalace, masu garkuwa da mutane suka hana mu zuwa wasu gonakin. Kamfanin yana da ƙaramin jirgin sama, sai suka yanke shawarar su ɗauki nauyin ma'aikaci ɗaya ya koyi tuƙi, ya samu lasisin tuƙa jirgin da ba na haya ba. Ni aka zaɓa. Tura mutum waje ya gagara saboda tsadar dala, don haka aka ce in nemi makaranta a nan gida, in ba da amsa kafin damina ta wuce, in ba haka ba a ba wani. Tun ina yaro nake ɗaga kai in na ji rugugin jirgi, saboda haka ranar kamar in yi rawa a ofis.

Inna ta kashe mini murnar da kalmomi kaɗan. Ta ce, "Ubanka a ƙasa ma aka kawo mini gawarsa. Ban amince ba." Ina da mata da 'ya'ya a lokacin, amma na san ko an ba ni jirgin kyauta ba zan taka shi ba tare da yardarta ba. Sai na nufi gonar Baffa, na same shi ana noman farko, na fara nuna masa hotunan makarantu a waya. Ya ture wayar da bayan hannu ya ce, "Ni ban iya sayen abu a hoto ba. In zan yi wa uwarka magana, sai da abin da idona ya gani." Ya bar gonar a hannun Hamisu muka kama hanya.

Makaranta ta farko ta burge mu, ni da shi duka. Ofis mai sanyi, jirage sai ƙyalli suke, shugaban wurin ya tarbi Baffa da lemo yana ta kiran sa Alhaji. Baffa ya tambaya ko zan iya gamawa kafin kaka, aka ce an gama. Ya tambaya ko za a riƙa ba ni hutun ranar kasuwa, aka ce ba matsala. Duk abin da ya ambata, amsar ɗaya ce. Ba zan ce mutanen banza ba ne, don ban zauna da su ba. Muna fitowa Baffa ya gyara hula ya ce, "Waɗannan sun san darajar manya."

Ta biyun kuwa ba ta da wani kwarjini. Jirage biyu ne kacal, ɗaya ma an buɗe injinsa makanikai na kai. Malamin da zai koyar da ni, Kyaftin Yusha'u, matashi ne da bai wuce sa'an Hamisu ba. Ya durƙusa ya gaida Baffa, amma da aka zo maganar lokacin gamawa sai ya ce ba zai yi alkawari ba, abin ya danganta da yanayi, da samuwar mai, da kuma kan ɗalibin. Baffa ya leƙa rumfar gyara, ya tambayi makaniken ko yakan hau jirgin da ya gyara, ya ce yakan hau. Daga nan Baffa ya faɗi abin da ya sa na juyo na dube shi da kyau. Ya ce, "Kafin in ba ku yaron nan, ni za ku fara ɗauka." Na ce, "Baffa, kai da ko rumbu?" Ya ce in rufe masa baki. Aka tsayar da washegari da safe, muka kwana a garin.

Da safe muka iso, Baffa ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Sama tas take a kanmu, sai can gabas da ɗan baƙi-baƙi. Kyaftin ya fito daga ofis ya ce rahoton yanayi bai yi masa ba, yau babu tashi.

Ban taɓa ganin ran Baffa ya ɓaci haka a gaban baƙi ba. Ya ce, "Yaro, ni manomi ne, tun ba a haife ka ba nake kallon hadari. Wannan ba zai iso ba. Na bar noma na zo, ciyawa na can tana cin gero, ka ce in koma?"

Kyaftin ya sake durƙusawa, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, wataƙila gaskiyarka ce. Amma in ya iso muna sama, babu inda za mu raɓe. Ka yi haƙuri. Ko mahaifina ne ba zan ɗauke shi yau ba."

Baffa ya matsa, ya kawo maganar furfura, ya kawo maganar nisan hanya. Yaron nan bai ɗaga murya ba, bai kuma sauya magana ba. Muka fito Baffa na huci. Abin haushin kuma, har muka iso gida ko ɗigo bai sauka ba, shi kuwa yana ta nuna mini sama ta tagar mota yana cewa, "Ka gani ko? Ka gani?" Daga baya ya yi shiru, shirun da na ɗauka fushi ne. Na riga na fitar da rai.

Washegari da hantsi ya aiko a kira ni gidan Inna. Bisa al'adarsa bai shiga ciki ba, ya zauna a ƙofar zaure ta ciki, ita kuma tana tsakar gida a kan tabarma. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ranar da Yaya Musa ya rasu, ni na raka shi tasha. Direban yaro ne. Ya ce birkinsa ba daidai yake ba, a bari a duba. Dattawan cikin motar suka taso masa, har da Yaya Musa, suka ce kasuwa za ta watse, ya ja su tafi. Ina tsaye na ga yaron ya sunkuyar da kai ya shiga ya tayar da mota. Kunya ce ta hana shi musu." Sannan ya ce, "Jiya wani yaro ya ce mini a'a, yana durƙushe. Na yi masa duk abin da aka yi wa direban nan, bai motsa ba. In za ki ba da Sabi'u, wannan za ki ba."

Ina jin Inna tana jan majina. Can ta ce, "Kai ka hau jirgin?" Ya ce bai hau ba tukuna. Ta ce, "To, ka hau ka dawo."

Ya kuwa koma. Ina kujerar baya ina kallonsa: ya damƙe ɗamarar kujera da hannu biyu, idanunsa a rufe, bakinsa bai huta da salati ba. Sai da Kyaftin ya ce, "Baba, dubi gonaki," sannan ya buɗe ido ɗaya. Ya yi amai a leda, ya roƙe mu kada mu gaya wa kowa, sannan da muka dawo shi da kansa ya bai wa duk majalisar masallaci labari. Ranar Inna ta sa mini albarka, ta ce masa, "Amana ce a wuyanka, Malam." Ya ce ya karɓa.

Karatun ya ja fiye da yadda na so. Wani lokaci babu mai, wani lokaci yanayi ya hana, sau da yawa kuma kaina ne ya yi tauri. In na kawo ƙorafi wurin Baffa sai ya ce, "Ai ba ka je don ka yi sauri ba, ka je don ka riƙa dawowa ne." Da na karɓi lasisi ya juya shi gaba da baya, ya miƙo mini, ya tambaye ni ko na gaida malamina.

A zaman makoki, da mutane suka ɗan ragu, na shiga wurin Inna. A nan na ji abin da ya karya mini zuciya. Duk mako Baffa yakan kira ni ya tambayi ranar da zan tashi, ni kuwa na ɗauka son jin labari ne irin na tsofaffi. Ashe tun ranar darasina na farko, duk ranar da nake sama sai ya ajiye fartanya ya zo ya zauna a zauren Inna, yana ɓare gyaɗa, yana jan ta da hirar gona da ta jikoki, har sai na bugo na ce na sauka. Ko da ciwo ya kwantar da shi, Hamisu ne ke kawo shi a babur. Sun haɗa baki ba su gaya mini ba, wai kada hankalina ya rabu biyu ina tuƙi. Inna ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ban taɓa jiran saukarka ni kaɗai ba, Sabi'u. Yanzu ban san yadda ake yi ba."

Hamisu ne, da ke bakin ƙofa, ya ce, "Inna, ni zan riƙa zuwa."

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Sale, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya riƙe marayu bai gajiya ba, Ka riƙe shi da rahamarka, Ka haɗa shi da ɗan'uwansa a Aljanna. Ka bai wa iyalinsa haƙuri, Ka yi wa Hamisu da ƙannensa albarka, Ka ba mu ikon riƙe zumuncin da ya bar mana. Ka sanyaya zuciyar Inna a duk ranar da take jira. Mu kuma, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.