Makunnin da Na Ɗaure da Roba

A shekarun fari, lokacin da mutanen daji suka cika bakin garin Zinder da bukkokin tsumma, ina da rumfar gyaran moto, wato babur, kusa da tasha. Ban kai shekara talatin ba, amma a ganina babu wanda ya san ƙarfe kamata daga nan har Damagaram Takaya. Aji huɗu na yi a lakwal aka kore ni, na mai da korar abin taƙama. Duk wanda ya zo mini da Faransanci a baki, to ya riga ya faɗi a idona. In na tuna wannan saurayin yanzu, da ƙazamar rigarsa da kilen kwance noti a aljihu yana hura hanci, ji nake kamar in tofa masa yawu.

Akwai wani ma'aikacin lafiya, Kirista, ya girme ni nesa, kowa Likita yake ce masa. Sau biyu a mako yake ɗaura akwatin magani bayan wani tsohon baƙin moto na zamanin Nasara, ya nufi Dogo ko Zermu, inda ƙyanda da gudawa ke kwasar yaran da yunwa ta riga ta tsotse. Ƙafarsa ta dama ta shanye tun yana yaro, don haka ba ya iya taka birkin baya. Da birkin hannu kaɗai yake tsayawa.

Mu kuwa a ƙasar nan birkin gaba ado muka ɗauke shi. A yashi ka matsa shi, ka sha ƙasa. Duk moton da ya shigo hannunmu, sassauta shi muke yi ko ba a ce ba, wayar fitilarsa kuma mu yanke mu yar. Muna ganin wannan shi ne gwaninta.

Wata hantsi Likita ya turo motonsa, ya ciro wani ɗan abu daga aljihu a naɗe cikin takarda. Makunnin fitilar birki ne, sabo, wanda ake sawa a gindin hannun birki don jar fitilar baya ta kama in an matsa. Ƙaninsa ne ya aiko masa da shi daga Yamai.

"Malam, tsohon ya mutu," in ji shi. "Ka ga ni ba na taka na ƙasa. In wannan bai yi aiki ba, wanda ke bayana bai san na tsaya ba. Kamyoyin hatsin nan kuwa a bayana suke bi, direbobin fitilata suke kallo."

Ya faɗa mini komai, da Hausa tsantsa. Ba ni da inda zan ɓuya in ce ban gane ba.

Mai faci na rumfar kusa, wani babarbare cika-baki irina, ya leƙo ya ce, "Likita, mutane na cin anza da ƙwayar ƙarangiya, kai kuma kwalliya za ka yi wa tsohuwar amaryarka?"

Na ce, "Bar shi, jan baki zai sa mata."

Muka kwashe da dariya. Shi ma ya murmusa. "Ku dai sa mata," ya ce. "Kai babarbare, in zazzaɓi ya kama ka, zan tuna da bakin nan lokacin allura." Ya ja ƙafarsa ya tafi asibiti, kan zai dawo da azahar.

Na kwance hannun birki, na zare tsohon makunnin da ya ci tsatsa, na gwada sabon. Haƙoransa ba su yi daidai da na ramin ba, ya ɗan fi shi kauri. Na san abin da ya kamata. A yanko ɗan ƙarfe, a huda, a goge da magagari, a ɗaura makunnin a kai yadda hannun birki zai riƙa danna kansa daidai. Aikin rabin yini ne, kuma na iya shi. To amma a gaban rumfa akwai kamyon taimako da ya lalace, direbansa ya yi mini alkawarin tiya biyu ta jar dawa. Ba zan ce yunwa ce ta sa ni ba. Gidanmu akwai sauran gero. Raini ne kawai: aikin da na ɗauka na 'yan boko ne, ban ga dalilin da zan ɓata masa yinina ba.

Sai na danna shi da ƙarfi na murɗa, har na ji ya yi ƙas, gefensa ya tsage. Na karɓi yankin robar shambur, wato tiyub ɗin taya, wurin mai faci, na naɗe, na ƙulle, na ja murfin hannun ya rufe ɓarnar.

Da Likita ya dawo, na kare fitilar da tafin hannu don rana, na ce ya matsa. Ta kama ja wur. Ya saki, ta mutu.

"Madalla, Malam. Zai jure gargada?"

"Sai dai moton ya riga shi mutuwa," na ce.

Ko kunya ban ji ba. Na san roba ba ta kwana uku a ranar wannan ƙasa, balle ga girgizar hanya.

Mako bai cika ba, kan hanyar Dogo, wata saniya da ƙashi kaɗai ya rage mata ta zube a gabansa. Ya matsa birki. Fitila ba ta kama ba. Kamyon da ke bayansa ya kwashe shi da moto da akwati, ya watsar gefen hanya. Bai mutu ba, amma ƙafar hagu, wadda yake tsayawa a kanta, ta karye wuri biyu.

Jandarma suka kawo gawar moton tasha, suka tambaye ni. Na ce sabon makunni na sa, ga mai faci shaida. Shi ma ya gyaɗa kai, tun da robarsa ce. Makunnin yana lilo a jikin waya, amma suka ɗauka karon ne ya fizge shi. Direban ya yi ta rantsuwa bai ga wata ja ba, aka ce masa barci yake yi.

Na je asibiti da 'yar ƙwaryar dabino, kamar mutumin kirki. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma tana ta godiya. Likita yana kwance, an rataye ƙafar sama. Bayan gaisuwa ya dube ni, ba da fushi ba.

"Malam, abin nan ya zauna daidai kuwa ranar?"

"Daidai ya zauna, Likita. Kai ma ka gani."

"Na gani," ya ce. "To, shi ke nan."

Bai sake hawa moto ba. An daɗe kafin a sami wanda zai riƙa bin ƙauyukan, ban kuma taɓa tambayar abin da ya faru da yaran da ke jiransa ba, don ba na son amsar. Ya rayu shekaru da yawa bayan haka, a kan kujera a ƙofar gidansa, mata na kawo masa jarirai yana dubawa. Ni kuwa na canza hanyar zuwa kasuwa don kada in bi ta layinsu.

Ranar da ya rasu, gemuna ya riga ya yi fari. Na shirya maganar amsa laifina tun daga gida, na je wurin gaisuwa, na durƙusa gaban babban ɗansa. Ya riƙe hannuna biyu-biyu, ya ce, "Baba, sannu da zuwa, ya sha ambatonka."

Na ce, "Allah ya ba ku haƙuri." Na tashi na nemi takalmana.