Turmi a Bakin Ƙofa

Duk sanda na ji ƙamshin kunun kanwa sai raina ya ɓaci, ko da kuwa ni aka dama wa. Bari ka ji dalili.

Shekarar da innata ta haifi autanmu a Tawa, ban daɗe da shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Bazara ce, irin zafin da ƙadangare ke neman inuwar ɗan'uwansa. Baba yana wurin aiki can arewa. Gida kuwa ya cika da ƴan barka. Wallahi matan da ko a kasuwa ba su taɓa gaishe mu ba sun zo sun baje, sun shanye kunun maijego har da lashe ludayi. Inna, da ɗanyen jikinta, ita ke hura wuta, don kada a ce an tashi da yunwa a gidanta.

Sai ta daina magana, ta daina ci. Jaririn ya yi ta tsala kuka, ita tana kallon bango. Na same ta bayan ɗaki tana wanke kwanonin baƙi, hawaye na zuba cikin ruwan. Matan sun gani sarai. Abin da suka iya cewa shi ne, "Sai haƙuri, duk haka muka yi." Da ana tuƙa haƙurin nan, da tuwonsa ya ciyar da duk ƙasarmu ta Adar har shekara ta zago.

Ranar kasuwa sai ga Kaka, uwar innata, ta sauko daga motar ƙauyensu Bambeye da damin ganyen wanka a ka. Inna ce ɗiyarta ta fari, saboda haka ba ta kiran sunanta, ba ta ko haɗa ido da ita. Ta dubi tsakar gida, ta dubi matan, ta mirgino turmi ta gindaya a bakin ƙofa.

"Wadda taz zo barka, ga taɓarya. Wadda taz zo shan kunu, ga hanya."

Wata mai leshi ta ce, "Haba Kaka, mu fa baƙi na."

"Baƙon da ya san inda ludayi yake ɗan gida na. Ɗauki tsintsiya."

Nan take rabinsu suka tuna sun bar tukunya a wuta. Waɗanda suka rage suka tuɓe mayafi, wannan daka, wannan ɗebo ruwa, wannan ta goya jariri. Kaka ta tafasa ganye ta yi wa Inna wanka. Ina laɓe na ji ta, fuskarta na kallon katanga, tana cewa, "Ke wagga, yaushe rabonki da barci?"

Inna ta fashe da kukan da ya fi na jaririn. Ta kwanta tun hantsi har la'asar, ni kuwa aka ba ni muciya in tsare ƙofa. Da ta farka, maganarta ta farko ita ce, "Miƙo min shi."

Bana yayata ta haihu a gidanmu. Kaka ta rasu, daka ma ya koma injin niƙa, amma masu lashe ludayi suna nan, sun ma ƙaru da masu ɗaukar hoto. Na ga yayata ta dafa bango za ta nufi murhu, sai na je maƙwabta na aro turmi na gindaya a ƙofa.

Inna ta ce, "Ke dai ba ki da kunya."

Ta shiga ɗaki, ta fito da taɓarya.