Mayafin Tsohuwar Kwamfuta

Laluba ake ce masa, domin rabin rayuwarsa a ƙarƙashin tebur ya yi ta yana laluben waya. Gwiwoyin wandonsa duk sun koɗe. Sana'arsa sasanta kwamfutocin da suka daina magana da juna, kuma ya fi iya wannan da sasanta 'ya'yansa a gida.

Wani shagon buga takardu ne ya so ya zubar masa da mutunci. Kwamfutocin gaba suna tura aiki ga wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin baya. A cikinta wata manhaja take zaune shiru, tana karɓa tana miƙa wa firinta. Da safe lafiya lau, rana na yin tsaka sai a tura a ji shiru. Laluba ya zo, ya tarar tsohuwar ta ɗauke, ya kunna ta, ya canza waya, ya duba adireshin kowace na'ura. Kashegari a sake kiransa. Abin ya ba shi haushi ƙwarai.

Mai shagon ya rantse cewa duk wanda aka kama da hannu a ciki ya bar shagon. Kowa ya san da wa yake. Da ma ya ƙosa da gwaggonsa, wadda tun rasuwar mijinta take zuwa kullum ta yi shara ta zauna, saboda gida ya yi mata faɗi.

Wata rana Laluba ya faɗo ba sanarwa. Sai ga tsohuwar kwamfuta lulluɓe ruf da mayafi mai kauri, saƙar hannu, har da fure. Ya taɓa ta ya ji kamar dutsen guga.

"Gwaggo, wannan fa?"

"Ƙura ce, ɗan nan. Baiwar Allah tana ta aiki ba mai kula ta. In na ji za ka zo sai in cire, kada ya tare maka hanya."

Dariya ta taso masa, tausayi ya danne ta. Ya nuna mata ramukan da iska ke shiga. Gwaggo ta gane, ta ninke mayafin.

"Za ka gaya masa ko?"

Kafin ya amsa, mai shago ya leƙo. "An gano?"

"Zafi ne, maigida," in ji Laluba. "Tsufa ya kama ta. Sai an samu mai goge ta kullum da sassafe, yana duba iska na shiga. Ni dai ba zan iya wannan zirga-zirgar ba."

Mai shago ya sosa ƙeya, ya duba hagu ya duba dama. Ma'aikatansa ba mai zuwa da wuri, har shi kansa. Sai ya zaro makulli ɗaya daga cikin nasa.

"Gwaggo, ko za ki taimaka?"

Ta karɓa ta ƙulle shi a bakin zani, ƙulli biyu.