Azumin Mama Daga Abuja Zuwa Sydney

Shekarun baya, ƙanwata ta samu aikin nas a Ostireliya. Mahaifiyarmu manomiyar citta ce a wajen Fadan Kagoma, kuma tana da wata al'ada: duk ranar da wani cikin 'ya'yanta ya kama hanya, ba ta ci ba ta sha sai ta ji ya sauka. Da Kaduna ne ko Jos, kafin yamma an gama. Amma tana fama da ciwon sukari, ga kuma tafiyar da za ta tashi daga Abuja sai Sydney.

Ranar tafiyar na zo daga Kafanchan don in zauna da ita. Ni da ko ƙofar jirgi ban taɓa gani ba, na buɗe taswira a waya ina ta bayani kamar ni zan tuƙa. Na ce, "Mama, wannan tafiya ta wuce kwana ɗaya fa. Ki ci wani abu."

Ta ce, "Kai, ba jirgin sama ba ne? Kafin in gama shanya citta ya kai."

Ta gama shanya, rana ta faɗi, gari ya sake wayewa. Da safe na ga hannunta yana rawa wajen ɗaura ɗankwali. Na dama faten acca na ajiye a gabanta, ko kallon kwanon ba ta yi ba. Gaskiya tsoro ya kama ni.

Sai ga wayar ƙanwata. Mama ta karɓa da sauri. "Yarinya na, kin sauka? Mun gode wa Yesu."

"Na sauka a Doha, Mama, canjin jirgi ne. Wanda zan shiga yanzu ya fi na farko nisa, kusan ninki biyu."

Bayan an kashe wayar Mama ta daɗe tana kallon tsakar gida, sannan ta ce, "Ashe ko yau na kwanta ciwo, ko ta taso nan take, ba za ta iso ba sai jibi."

Na ce haka ne.

Ta share ido da bakin zani, ta jawo kwanon. "Ubangiji zai gafarta mini wannan azumi. Wanda ɗansa ya tafi nisa haka, dole ya ci abinci ya yi ƙarfi ya jira."

Ta cinye tas, har da neman ƙari.

Tun daga ranar ba mu sake faɗa da ita a kan magani ko zuwa asibiti ba. Har yau in na tuna sai zuciyata ta karye, domin mu da muke kusa mun yi shekaru muna roƙonta ta kula da kanta ba ta ji ba. Ƙanwata ta dawo hutu bayan shekara uku, ta same ta a gona.