Kalma Ɗaya ta Mista Malcolm

Kafin motocin da ke kwasar ma'aikata zuwa gonakin kabeji su fara wucewa, Mista Malcolm Thurlby ya riga ya buɗe ƙyauren tafki. Sai ya jingine kekensa a jikin shinge, ya rataya filas ɗin shayi a kafaɗa, ya kama zagaye. Yana tafe yana tsintar guntayen zaren fatsa da mutane suka yar, don kada su naɗe ƙafar agwagi, yana zaro gwangwanin giya daga cikin ciyawa, yana leƙa ruwa ko akwai kifin da ya kwana ciki sama. Wanda ya tarar zaune da sandar fatsa, ya duba masa katin izini, ya tambaye shi ko kifi na ci. In ya gama sai ya zauna a benci, ya tsiyaya shayi a murfin filas, ya sha yana kallon ruwa. Tun rasuwar matarsa Doreen ba wanda ke jiransa a gida, don haka ba ya gaggawar komawa.

Gadin ruwa yake yi wa ƙungiyar masu fatsa ta garinmu, aikin da ba a biyan ko sisi. Mabuɗi ake ba mutum da ɗan bajo na maƙalawa a ƙirji. Ya haura shekara ashirin yana yi, sai bana ya ajiye. Ƙungiya ta sanar cewa tsufa ne ya sa. Ba haka aka yi ba, kuma mu da abin ya faru dominmu, mu ya kamata mu faɗa.

Lokacin da mutanenmu suka fara zuwa daga Poland aikin gona da ɗaurin kayan lambu, sun tarar da tafki cike da wani kifi da ake kira karp, manya-manya, ba mai ci. A gida, kifin da ka kama na tukunya ne, karp kuwa shi ne sarkin tebur ranar jajibirin Kirsimeti. 'Yan gari kuma nasu salon daban. Mutum zai wuni cikin yayyafi, ya kama kifi, ya kwantar da shi a kan lallausar shimfiɗa, ya auna shi a sikeli, ya shafa masa magani a leɓe, a ɗauke su hoto, sannan ya mayar da shi ruwa a hankali kamar mai kwantar da jariri. Manyan har suna ake raɗa musu.

Pan Zenon (Pan shi ne Malam a yarenmu), wani dattijon makaniki daga cikinmu, yakan riƙe haɓa in ya ga haka. "Ka soke bakin halitta, ka fito da ita tana haki, ka yi hoto da ita kamar amarya, ka ce mata sai wani jiƙon. Wai kuma mu ne marasa imani!"

Su kuwa 'yan gari suka fara tsintar ƙayar kifi da tokar wuta a bakin ruwa, suka ce ɓarayi sun shigo. Wasu tafkunan aka rufe mana su baki ɗaya. Mista Malcolm ya gwada faɗa da Turanci, ya ga ana gyaɗa masa kai ana murmushi, kifi kuma yana ci gaba da shiga leda. Bai kira 'yan sanda ba. Ya hau kekensa ya tafi kantinmu, inda ake sayar da baƙin burodi da kabeji mai tsami, ya cire hula, ya shiga layi. Da ya zo gaba ya ce ba sayayya ta kawo shi ba, so yake a koya masa yadda ake cewa "mayar da shi ruwa" da yarenmu.

Tsautsayi ya sa wanda ke bayansa wani Waldek ne, direban da ba ya iya ganin mutum tsaye bai tsokane shi ba. Ya gyara fuska ya ce, "Abu mai sauƙi, kawu. Ka ce smacznego." Abin da muke cewa ke nan in an zauna cin abinci: a ci lafiya.

Mista Malcolm ya yi godiya, ya tafi yana maimaitawa a kan keke. Ya isa gida ya ci gaba da biya wa butar shayi, don ba wanda zai gyara masa.

Pan Zenon ne ya fara gamuwa da kalmar a bakin tsohon. Ya kama wani ƙosasshen karp, yana kiciniyar cusa shi a leda, sai ga tsohon a kansa. Ya haɗe gira, ya miƙe yatsa zuwa ruwa, ya daka tsawa: "Smacznego!"

Pan Zenon ya dubi kifi, ya dubi tsoho. Bakinsa ya suɓuce ya ce, "Na gode."

"Smacznego!" Wannan karon har da buga ƙafa.

"Tun da uwata ta haife ni," in ji Pan Zenon in yana ba da labarin, "ba a taɓa yi mini a ci lafiya da irin wannan fuskar ba. Ko surukata ba ta kai nan ba." Dariya ta kashe masa hannu, ya juye kifin cikin ruwa. Mista Malcolm ya gyaɗa kai, ya tsiyaya shayi a murfin filas ya miƙa masa. Ranar ya koma gida zuciyarsa fes, yana ganin ya iya yare.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama gidajen hayarmu, kuma ba wanda ya gyara masa. Waldek ya koma gida Poland, kalmar ta zauna. A bakin wannan tafkin kaɗai ta sake ma'ana. Sai ka ji wani ya kama kifi, abokinsa ya ƙwala masa daga ƙetare, "Smacznego!", shi kuma ya durƙusa ya sake shi. Ba duka ba, gaskiya. Akwai masu tura kifi cikin jaka suna cewa, "Ai tsohon da bakinsa ya ce a ci lafiya."

Kai ne, Mista Malcolm, ka koya wa ƙattin da suka saba ɗaga buhun dankali su jiƙa hannu kafin su taɓa kifi. Kai ne ka tsaya a gaban wani ɗan Romaniya da matarsa ranar da samarin gari suka jefa musu sanduna a ruwa, ka ce wanda zai taɓa su ya fara da kai, alhali iska mai ƙarfi ma tana iya kayar da kai. Irinmu da ba ma wata uku a aiki ɗaya ba mu taɓa gane yadda mutum zai zagaya ruwa guda shekara da shekaru bai gaji ba. Mun dai san in muka je, yana nan.

A farkon ɗumin bana aka tsinci kan Gimbiya da ɓawonta kusa da tokar wuta. Gimbiya ita ce babbar karp ɗin tafkin, ta girmi wasunmu, kuma kusan kowane ɗan ƙungiya yana da hotonsa da ita a falo. Aka kira taro ranar Lahadi da rana a ɗakin baya na mashaya. Graham, sakataren ƙungiya, ya kawo shawarar a daina sayar wa baƙi kati. Mista Malcolm ya miƙe ya ce yawancinsu suna mayarwa, shi da kansa yake gaya musu da yarensu, kuma suna ji.

"Da yarensu," in ji Graham. Ya zaro waya ya kunna wani bidiyo da aka ɗauka a bakin tafki. Ga tsohon nan yana nuna ruwa yana tsawa. "Malc, ka san me kake ce musu? Na tambayi wata da ke aiki da 'yata. A ci lafiya kake cewa. Shekara da shekaru mai gadinmu yana bin ɓarayi yana yi musu a ci lafiya!"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Wani daga baya ya ce, "Saura ka riƙa kai musu gishiri da lemon tsami, Malc!"

Mista Malcolm ya koma ya zauna. Ba dariyar ɗakin ce ta dame shi ba, waɗannan ya san su tun suna da gashi a ka. Fuskokin bakin tafki ne suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya, duk murmushin nan da ya ɗauka na girmamawa ne. Aka ɗage ƙuri'a zuwa zama na gaba. Ya tura kekensa har gida bai hau ba.

Washegari ya zo buɗe ƙyaure ya tarar da Pan Zenon tsaye, ba sanda ba jaka, hula a hannu.

"Kun sani," in ji Mista Malcolm.

"Mun sani, Pan Malcolm."

"Dukanku?"

"Har yara."

"To, madalla. Ashe wawan gari kuka samu kyauta."

"Da farko mun yi dariya, ba zan yi maka ƙarya ba. Ni har sai da cikina ya ƙulle." Pan Zenon ya murɗa hular. "Daga baya kuma wa zai iya faɗa maka? In mun faɗa, ka daina. A wurin aiki da yatsa ake kiranmu. A kanti a miƙo canji ba a dube ka ba. Duk garin nan mutum ɗaya ne ya taɓa wahalar da harshensa dominmu, sai mu je mu ce masa ya yi kuskure?"

Mista Malcolm ya daɗe yana juya mabuɗi a hannu. "Wa ya ci Gimbiya?"

"Ban sani ba. Wataƙila namu ne. Ba zan rantse maka cewa ba namu ba ne."

"Da daɗi ma kuwa?"

"Tsohon karp irin wannan? Taɓo ne da ƙaya. Ko waye, ya sha wahalar banza."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya share ido da bayan hannu.

"Bari in koya maka kalmar ta gaskiya," in ji Pan Zenon. "Gajeriya ce."

"Riƙe abarka, Zenon. Na tsufa da koyon ta biyu. Kai za ka riƙa faɗa musu."

Pan Zenon bai gane nufinsa ba sai ranar ƙuri'a. Mista Malcolm ya shigo da rigarsa ta zuwa coci, ya cire bajo ya ajiye a tebur, ya ɗora mabuɗi a kai. Ya ce, "Kun ce mai gadi ya gaza, kuma gaskiyarku. To mai gadi za ku cire, ba ƙofa za ku rufe ba. Mutum ɗari ba sa biyan bashin mutum ɗaya. Ku ba da mabuɗin nan ga wanda in ya yi magana za su ji abin da ya ce. Ga Zenon can a waje yana jira cikin ruwan sama, don ba wanda ya ce masa ya shigo."

"Su za mu ba mabuɗi?" in ji Graham. "Ka ji kanka kuwa, Malc?"

"Yau dai na san abin da nake faɗa."

Aka yi ta ja-in-ja har shayi ya huce. Da ƙyar hannuwa suka rinjaya: a bar wa baƙi kati, a gwada Pan Zenon na shekara guda, Mista Malcolm kuma ya sauka. Ya san abin da ya bayar. Ba shi da wani wurin zuwa da safe sai wannan.

Yanzu Pan Zenon ke zagayen. Wasu namu suna kiransa karen Ingilishi, ba sa gayyatarsa suna ko biki. Wasu 'yan gari kuma in ya wuce sai sun bi jakarsa da ido. Ya ce sai yanzu ya san nauyin ɗan ƙarfen nan. Mista Malcolm bai sake taka bakin tafki ba, ya ce sabon mai gadi ba ya bukatar tsoho yana leƙa masa kafaɗa. Maƙwabta sun ce har yanzu da sassafe yake fitowa da keke, ya tsaya a bakin titi ya ga wucewar motocin ma'aikata, sannan ya mayar da shi ciki.

Mun gode, Mista Malcolm, mai gadin da ya bar ƙofa a buɗe ya fita. Kai aka yi wa dariya ta gaba da ta baya, kai kuma ka biya mana. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka ga alheri a sauran kwanakinka.

Ku kuma 'yan uwa, duk mai kati a aljihu bana ya san da safiyar wa aka saye shi. Ku jiƙa hannu, ku mayar da kifin mutane ruwa, na Kirsimeti akwai shi a kanti. 'Yan gari ma da ke karanta wannan, ku yi koyi da shi, ku koyi ko kalma ɗaya ce ta maƙwabcinku, in ta zo a karkace ba komai. Gidansa shi ne na ƙarshe bayan coci, mai koren ƙyaure. Ba zai kira kowa ba, ba halinsa ba ne, sai dai ku je. In kun ƙwanƙwasa bai amsa ba, kada ku juya. Yana ciki. Ya daɗe ba a buga masa ƙofa ba ne, sai ya ɗauka ta maƙwabta ce.