Maɗacin Gonar Babanmu

Shekarar da yayana ya yi ritaya daga koyarwa ya sayi zarton inji. Kowa ya ɗauka shanun noma zai saya, ko ya buɗe ɗan shago a bakin kasuwar Kebbe kamar yadda abokan aikinsa suka yi. Sai ga shi ya dawo daga Sakkwato da tsohon inji cikin buhu, ɗaure a bayan babur. A lokacin ina aikin akawu a Tambuwal, kuma kusan kowace Asabar nakan je gaishe shi, domin shi ne ubana tun da babanmu ya rasu ina ƙaramin yaro.

Na same shi a tsakar gida, ya kwance injin a kan tabarma yana wanke sassansa da fetur.

"Yaya, mi za ka yi da wanga abu?"

"Katako nika son tsagawa."

"Kai da alli kaɗai ka sani?"

"Shi ma allin ai koyo niy yi, Auta."

Bai taɓa sare itace mai rai ba. Abin da iskar farkon damina ta kayar yake bi, ko dogon yaron da ya karkata kan ɗakin wani aka sauke, ko kiryar da masu aikin hanya suka tumɓuke suka yar a gefe. Sai ya je ya gaida mai wurin, ya sanar da malamin daji, ya bar wa mata rassa su yi girki, shi ya ɗauki gungumen. Idan ranar ta dace da zuwana, tare muke tafiya. Mukan tokare gungumen da duwatsu don kada ya mirgina. Ya tsoma zare a baƙin mai, in riƙe baki ɗaya shi ya riƙe ɗayan, ya ɗaga tsakiyar ya saki, sai baƙin layi ya fito a miƙe. Wannan layin yake bi da zarto, a sunkuye, har ƙarshe.

Katakonsa na farko abin dariya ne, nan kauri can siriri, kamar ruwan gatari. Bai damu ba. Kafin damina ta zagayo hannunsa ya faɗa. Ya yi wa masallacin unguwa benci na masu jiran salla, ya yi murfin rijiya, ya yi ƙofar garke. Ba ya sayarwa. Wanda ya yaba wani abu sau biyu, da shi zai tafi gida.

Matarsa ce take shan wahalar dusar katakon. Ina shiga za ta tare ni.

"Auta, ka yi ma ɗan'uwanka magana. Tuwo dusa, miya dusa, ko ruwan randa sai na tace."

Tana faɗa tana zaune a kan 'yar kujerar da ya yi mata, wadda ba ta yarda kowa ya hau ba, har jikokinta.

Wata safiya ta farkon damina ya kira ni a waya ina ofis. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce maɗacin gonar Baba ya faɗi. Gonar tana wajen Fakku, wani ɗan'uwanmu ke noma ta, kuma na daɗe ban taka ta ba. Amma itacen na san shi. Daga nesa ake hango shi, jikinsa duk tabo saboda masu saran ɓawonsa don maganin ciki. Ranar Asabar muka tafi. Hanya ta jiƙe, wani wurin sai mun sauka mun tura babur.

Muka same shi kwance, saiwoyinsa a sama, ya bar rami kamar an fara haƙar rijiya. Yaya ya zagaya shi. Ya dafa shi, ya ɗan tsaya, sannan ya ce in miƙo zare.

Asabar da yawa muka yi a kansa. Cikinsa ja ne, dusarsa kuma ɗaci, tana manne wa mutum a maƙogwaro har ya isa gida. Wata rana muna tsakiyar aiki sai zarton ya yi wata ƙara, tartsatsi ya tashi. Yaya ya kashe inji. Muka ɓanɓare wurin da gatari, sai ga wani ƙarfe mai zobe a kai, itacen ya haɗiye shi tun tuni, ya lalata haƙoran sarƙar. Na zaci zai yi faɗa, don sarƙar sabuwa ce. Sai ya zauna a kan gungumen yana jujjuya ƙarfen a tafin hannu.

"Nan Baba ka ɗaure jakinai," ya ce. "Ni na riƙa mai ƙarfen yana bugawa. Har ya same ni ga yatsa."

Ya nuna mini babban yatsansa na hagu, mai farce a murɗe. Tun tasowata nake ganin farcen nan, ban taɓa tambaya ba. Ranar ba mu ƙara aiki ba. Muka zauna ya yi ta ba ni labarin babanmu: yadda yake waƙa ƙasa-ƙasa idan yana huɗa, yadda ba ya cin abinci sai jakin ya ci, yadda ya goyo ni a wuya zuwa gonar nan ina kuka don na ga raƙumi. Ni fuskarsa ma ba na iya tunawa sosai.

Da amalanken shanu aka kwaso katakon zuwa Kebbe. Yaya ya jera shi a inuwa bayan ɗakinsa, ya sa ƙananan sanduna tsakanin kowanne da na samansa don iska ta ratsa, ya danne da duwatsu. Ya ce sai bayan kaka zai bushe, wanda ya yi gaggawa katakonsa zai kantare. Akwai rumfar kwano a gefen gidan inda yake ajiye kayan aikinsa, kewaye da zana, awaki suna ci ruwa yana shiga. Niyyarsa ya cire zanar ya rufe rumfar da wannan katako, ya kafa teburin aiki a ciki.

An gama yankan gero, ana ɗaurin dawa, ya faɗi a bakin rijiya yana shirin alwalar azahar. Kafin in iso an kai shi asibiti. Hawan jini ne. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana cika aji da murya, yanzu sai matarsa ta kara kunne a bakinsa ta faɗa mana abin da yake nufi.

Da aka dawo da shi gida, kullum da hantsi sai ya sa a fito da shi a jingina shi inda zai riƙa ganin katakon. Babban ɗansa, wanda ke aiki a Sakkwato, ya zo ya ce gara a sayar da inji da katako tun gara ba ta shiga ba. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Amma Yaya ya ji. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya yi ta bugun tabarma har ƙura ta tashi, hawaye na bin gefen fuskarsa da ba ya motsi. Ɗan ya durƙusa yana ba shi haƙuri.

Sai na ɗauki hutu a wurin aiki. Na ce masa, "Yaya, ni za ni buga ma shi. Kai dai nuna min."

Ban iya ba. Zare kawai na saba riƙewa. Aka ajiye shi a kujera kusa da rumfar, aka ba shi karan dawa a hannun hagu. Inda ya nuna da karan nan nake sa ƙusa. Maɗaci idan ya bushe tauri gare shi, ƙusa ta yi ta lanƙwashewa, ni kuma in yi ta dukan yatsuna. Idan na ɗora katako a karkace sai ya ƙwanƙwasa ƙasa da karan, in cire in sake. Wani katakon sai da na cire shi har na gaji da ƙirga, na jefar da hamar na ce, "Haba Yaya, rumfa ta fa, ba masallaci ba." Sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Na tsorata, na zaci wani abu ne ya same shi. Ashe dariya yake yi. Ita ce dariyarsa ta farko tun faɗuwarsa, matarsa ta fito daga madafa da muciya a hannu ta tsaya tana kallonsa.

Mun rufe baya da gefuna, na shafe su da baƙin mai saboda gara. Gaba kawai ya rage, inda ƙofa za ta zauna, hutuna ya ƙare. Na ce masa Asabar mai zuwa za mu gama. Ya kama hannuna ya riƙe, ya daɗe bai saki ba, yana ƙoƙarin faɗin wani abu. Matarsa ta sunkuya ta saurara, ta ɗago ta ce ita ma ba ta gane ba.

Ranar Laraba da hantsi aka kira ni.

Na iso ana shirin yi masa wanka. Masu haƙar kabari suka aiko a kawo itacen da za a jera a rufe ramin ciki kafin a zuba ƙasa. Wasu matasa suka ɗauki gatari za su nema, sai limamin unguwar, tsohon abokinsa, ya tsayar da su. Ya dube ni ya ce, "Ga nashi nan, wanda yat tsaga da hannunai." Na ɗauko zarton hannu na shiga bayan ɗaki. Katakon da muka ware don gaban rumfar na yanka gajeru-gajeru. Wani ya zo zai karɓe ni, na ce ya bari. Da aka jera su a maƙabarta sun zauna daidai, babu inda ƙasa za ta zurara.

Bayan matarsa ta fita takaba, ɗanta ya zo ya tafi da ita Sakkwato. Injin aka ba wani kafinta na Dogon Daji da ya saba zuwa wurin Yaya hira. Gidan aka sa wani malamin makaranta a ciki. Gaban rumfar yana nan a buɗe, a ciki yake ajiye babur ɗinsa.

Da damina ta sake faɗuwa na je duba wani bangon gidan da aka ce ya tsage. Ina tsaye a ƙofar gida sai ga wani dattijo a kan keke, ƙafafunsa duk laka. Ya yi sallama ya ce Malam mai zarto yake nema. Daga wani ƙauye yake can bayan Fakku. Wani babban itacen ƙawo ne ya faɗi a gonarsa, ya hana 'ya'yansa su taɓa shi, ya ce na Malam ne.

Na faɗa masa Malam ya rasu. Ya sauka daga keken ya jingina shi da bango, ya tsuguna, ya yi addu'a mai tsawo. Na shiga na karɓo masa ruwa ya sha.

"To shi iccen fa?" ya ce.

"Ku faskara, Baba. Ku yi girki da shi."

Ya girgiza kai. Ya ce zai ɗan bar shi tukuna, ko Allah zai kawo wani. Na raka shi har bakin hanya, yana tura keken.