Fatar Usta Kabo Ba Ta Saki Ba

Idan aka idar da sallar asuba a Hillat Yelwa, kowa gida yake komawa neman shayi, ban da Usta Kabo. Shi gindin randa yake nufa. A can ƙarƙashin rumfar bayan ɗakinsa, inda randar ke ɗiga, yake ajiye kalangai huɗu da ganguna biyu, lulluɓe da tsohon buhu mai danshi. Garin ɗan ƙarami ne, arewa da Omdurman, inda kwalta ke ƙarewa yashi ya karɓa, kuma iskarsa ba ta ga-maciji da fata. Kalangun da aka manta a rana da hantsi, kafin azahar ya tsage. Sai Usta ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa kowanne da ɗan yatsa, ya kara kunne. Wanda ya amsa daidai ya mayar da shi wurinsa. Wanda ya yi gunaguni ya ajiye shi gefe, aikin ranar ke nan. Daga nan ya leƙa mahauta ya ga ko an yanka akuyar da fatarta ta isa a yi magana da ita. Yawanci ba a yanka ba, ya dawo yana faɗa shi kaɗai.

A garin aka haife shi, jikan mahajjatan da suka baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, suka tsaya hutawa, hutun ya zama gari. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu gyaran motoci a birni, yana ɗinka wa motoci kujeru. Wannan shi ne aikin da ya ci da shi. Aikin da aka san shi da shi kuwa na ranar Juma'a ne, lokacin da makaɗan Hausawa daga unguwannin Alsahafa da Kalakla na Khartum da lungunan Omdurman ke kawo masa gangunansu ya ɗaura musu fata. A duk shekarun nan ba a taɓa mayar masa da aiki an ce ya saki ba. Ba shi da mota, ba shi da gidan bene. Abin da yake da shi ke nan, kuma ya san yana da shi.

Shi kansa ba ya kiɗa. Tun yana saurayi ƙofar wata bas ta faɗo masa a gwiwar hannun hagu, hannun ya ƙage. Kalangu kuwa a hammata ake matsa shi. In ka matsa, murya ta hau, in ka saki, ta sauka, da haka yake faɗar magana. Mai ƙagaggen hannu ba shi da rabo a nan. Amma mahaifinsa makaɗi ne, kuma ya bar masa taken kowane gida, wato 'yan kalmomin da kalangu ke furtawa idan ɗan gidan ya shigo taro, da taken amarya da na ango da na mai jego. Duk suna bakinsa. Shi yake rera wa makaɗa da baki, su juye a fata, su fita a tafa musu, shi yana bayan rumfa yana kankare gashin akuya.

Na taɓa zuwa koyo wurinsa, lokacin ina koyarwa a makaranta a Kalakla ina kuma zaton akwai wata baiwa ɓoye a jikina. Ya saurare ni kwana uku cikin haƙuri. Ran na huɗu ya zare gular daga hannuna a hankali, ya ce, "Ya Ustaz, Allah Ya ba ka alli. Ka riƙe shi da kyau."

Sai zamani ya juya. Matasa suka koma biki a manyan zauruka, da fiyano da lasifika da mawaƙi mai kwat. Makaɗan suka mutu ɗaya-ɗaya, na ƙarshensu ya bi 'ya'yansa gabas. Usta ya koma garinsu da kalangansa, ya ci gaba da jiƙa buhu kowace safiya don kayan da ba mai taɓawa.

Da yaƙi ya tashi a Khartum, mutanen Kalakla da Alsahafa suka kwararo Hillat Yelwa, kowa ya nemi wani dangi da bai taɓa ziyarta ba. Ina cikinsu. Na ce wa ɗan baffana mako biyu zan yi, kuma ga shi har yau a ɗakinsa nake rubutun nan. Mutanen gari sun karɓe mu, ba wanda ya rufe ƙofa. Sai dai gidan mutum shida ya koma na ashirin, buhun dawa ya daina kai wata, ruwan rijiya ya zama na layi. Ba wanda ya ce komai a fili. Muna dai jin yadda hira ke katsewa idan baƙo ya iso majalisa.

Cikin haka aka sa bikin Hanadi, jikar Hajja Kubra ta Kalakla, da Salahuddin, ɗan gari. Auren farko ke nan tsakanin baƙi da masu gida, kuma kowa ya san ba ma'auratan kaɗai ake ɗaura wa aure ba. Wutar lantarki ta yi watanni da ɗaukewa, ba maganar fiyano. Sai Muntasir ya je wurin Usta. Muntasir mutum ne mai kusan shekara arba'in, da tumbinsa da 'ya'yansa uku, wanda ya yi suna wajen buga fiyano a zaurukan Khartum. Hausarsa ta gaisuwa ce da neman abinci, sauran duk Larabci.

"Ya Usta, ara min kalangu ɗaya. Mako uku ya ishe ni."

"Mako uku za ka yi me?"

"In koya mana. Ai duka iƙa' ne, bugu kawai. Ni da nake taɓa maɓalli sittin?"

"Maɓallanka ba sa magana, Muntasir. Wannan yana yi. Ka san abin da za ka sa shi ya faɗa?"

"Malesh, ba komai, ya Usta, kai dai rera min, kunnena zai kama."

Kunnensa ya kama, don ba a raina shi a nan. Abin da bai kama ba shi ne cewa sautin kalmomi ne. Usta ya rera masa taken amarya ya fi sau ɗari: Fara ta shigo gida, gida ya yi haske. Shi kuwa abin da yake ji shi ne sama, sama, ƙasa, sama.

Ranar biki da la'asar aka yi taron, a filin gaban masallaci, don yanzu ba mai tara mutane bayan magariba. An shimfiɗa tabarmi, mata na guɗa, yara sun hau katanga. Aka fito da amarya. Muntasir ya gyara tsayuwa irin ta zaurukan da, ya ɗaga gula, ya buga. Sai dai a bugun farko hammatarsa a sake take. Muryar ta fito ƙasa, sannan ta hau.

Ga wanda bai san kalangu ba, ba abin da ya faru. Matasa suka shiga rawa. Ni ma, in faɗi gaskiya, ina gyaɗa kai cikin nishaɗi. Amma farar mace, ana faɗarta murya a sama. In ka fara daga ƙasa ka hau, wata farar ka kira, mai fukafukai, wadda ke sauka a gona ta tashi ba ta bar ko kara ba. Kalangun yana shela a tsakiyar gari, sau ɗaya, sau biyu, sau uku: Fara ta shigo gida.

Tsofaffin gari suka sunkuyar da kai. Wani a cikinsu ya yi dariyar da ya kasa dannewa. Hajja Kubra ta dafa sandarta ta miƙe.

"A tsaya! Wa ya kira jikata fara?"

Kiɗa ya mutu. Hanadi ta ɗaga mayafi ta dubi kakarta, "Habboba, fi shinu? Me ya faru?"

"Ke ba ki ji ba, ni na ji. Abin da ake faɗa a bayan idonmu ne yau aka ba kalangu ya faɗa. Mun cinye muku dawa, ko? To, ku faɗa da bakinku. Tashi mu tafi, in ma kango ne muka bari a Kalakla, namu ne."

Muntasir ya tsaya da gula a sama yana duban fuskoki, bai san me ya yi ba. 'Yan'uwan ango sun fara tasowa, wasu don ban haƙuri, wasu don mayar da magana, kuma daga nesa ba ka iya bambance su.

Usta Kabo ya fito daga bayan rumfa, inda ya saba tsayawa. Ya ratsa fili ba gaggawa, ya karɓi kalangun, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya kara kunne kamar yadda yake yi da asuba. Ya daɗe yana saurare. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Hajja, a gafarce ni. Fatar ce ta saki. Ni na ɗaura ta, kuma ban ɗaura daidai ba. Tsufa ya zo."

"Kabo, fatarka ce ta saki?"

"Tawa ce, Hajja. Wannan bawan Allah ya buga daidai, kalangun ne ya ƙi hawa. Ba mutumin garin nan da ya sa shi, ba kuwa wanda zai sa shi."

Ya ɗan ja tsirkiya nan da can, irin jan da ba ya canza komai, ya mayar wa Muntasir. Sannan ya koma bayansa, ya kama gwiwar hannunsa ta hagu da lafiyayyen hannunsa, ya ce masa a kunne, "Kai buga kawai. Hammatar tawa ce."

Haka aka shigar da Hanadi, mutum biyu a kan kalangu ɗaya, ɗaya na bugu, tsoho na matsawa da saki daga baya. Fara ta shigo gida, gida ya yi haske. Wannan karon muryar ta tsaya a sama. Usta bai bari an tsaya nan ba. Yana rera wa Muntasir a kunne, ya bi da taken gidan su Hajja Kubra, wanda ba a buga ba tun rasuwar mijinta, ya ɗora da na gidan ango, ya dinga sarƙa su har ba a gane inda ɗaya ya ƙare. Hajja ta zauna. Can an jima aka ga sandarta na bugun ƙasa.

Ya Usta Kabo, kai ne ka shekara arba'in kana gyara muryar da wasu za su yi suna da ita. Kai ne ka riƙe taken gidajenmu a bakinka lokacin da mu masu gidajen muka manta muna da su. Abu ɗaya ka tara a duniya, cewa fatarka ba ta saki, kuma a gaban gari ka ajiye shi don kada a ce wani ya zagi wani. Mai kunnen fata, mun gode.

A watan jiya Usta ya ce ya ajiye aiki. Kunnen ya fara nauyi, sai ya ƙwanƙwasa sau uku kafin ya ji abin da da yake ji a bugu ɗaya. Ya miƙa wa Muntasir wuƙar kankara da basilla da buhun. Muntasir yanzu shi ke zuwa gindin randa da asuba, kuma da girmansa ya zauna koyon Hausa, don Usta ya rantse ba zai ƙara rera masa take ba sai ya iya faɗar ma'anarsa. 'Ya'yansa na yi masa dariya, yana ci gaba.

Abin da nake roƙon mai karatu kaɗan ne. Usta na nan, yana zama a rumfarsa bayan la'asar. Wanda bai san taken gidansu ba ya je ya tambaya tun ana jin tambayar, ya tafi da 'ya'yansa. Wanda kuma yake da wata sana'a a hannu, ya nemi wanda zai tsaya wa a baya.

Kafin in rubuta wannan na je wurin Hajja Kubra, ina ganin zan ba ta labarin da ba ta sani ba. Na ce mata ai ran nan fatar lafiyarta ƙalau. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa malamin makaranta.

"Ustaz, da fatar Kabo aka kai ni ɗakin miji. Kana tsammanin ban san muryarta ba?"

"To, me ya sa kika zauna, Hajja?"

"Mutum ya fito ya yi wa kansa ƙarya saboda jikata, sai in ƙaryata shi?"

Na koma na faɗa wa Usta. Ya sa na maimaita, don kunnen. Ya dubi randa, sannan ya ce, "Fatar ce ta saki, ya Ustaz. Ka rubuta haka."

Ban rubuta haka ba. Ina roƙon ya yafe min.